Kafin a dangwala yatsa: yadda ake gwajin magani a jikin mutane

Tsakanin 2016 da 2018 an ɗauki yara 220 masu ciwon sikila, 'yan shekara 5 zuwa 12, a wasu asibitocin Kano da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke nan Kaduna, aka sa su cikin wani gwajin magani mai suna SPRING. Ba kowane mai sikila aka ɗauka ba. Sai yaron da aka ɗora wa na'urar sikanin a gefen kai, aka ga jini na gudu a jijiyar ƙwaƙwalwarsa da saurin da ya kai santimita 200 a daƙiƙa ɗaya ko fiye. Wannan gudun alama ce ta cewa jijiyar ta tsuke. Idan aka bar irin waɗannan yara ba magani, kusan ɗaya cikin goma zai gamu da shanyewar ɓarin jiki kafin shekara ta zagayo. A Amurka ƙarin jini ake yi musu kusan duk wata, tun da wani gwaji da aka buga a 1998 ya nuna hakan na rage haɗarin da kusan kashi 90 cikin 100. Wanda ya taɓa fafutukar neman leda ɗaya ta jini a asibitocinmu ya san wannan hanya ba za ta ɓulle da talaka ba. Sai aka juya ga hydroxyurea, maganin da ake sha sau ɗaya a rana. Abin da ya rage shi ne adadi: miligiram 10 za a ba yaro a kan kowane kilo na nauyinsa, ko 20? Yaro mai kilo 20 zai sha 200 ke nan ko 400.

A lokacin babu likitan da ya san amsar. A kan wannan rashin sani ake gina duk wani gwaji na halal. Da an san 20 ya fi, ba wa wani yaro 10 zalunci ne. Da an san 10 ya wadatar, ba shi 20 ɓarnar kuɗi ce da jefa shi cikin illa ba dalili, don hydroxyurea na rage ƙwayoyin jinin da ke yaƙar cuta, kuma mai shan sa dole a riƙa auna jininsa a kai a kai. Likitan da ya gayyace ka gwaji, abin da yake faɗa maka a fakaice shi ne: ga hanya biyu, ban san wadda ta fi ba, ina neman ka taimaka a gano. Idan ya ce maka sabon maganin tabbas ya fi, to ko dai bai fahimci aikinsa ba, ko kuma yana son ya cika adadin da aka ɗora masa.

Mutanenmu sukan faɗa ɗaya daga cikin rami biyu. Wasu da zarar sun ji kalmar gwaji sai su ce za a mai da su ɓeran bincike, su ja 'ya'yansu su tafi. Wasu kuma abin da suke ji kawai shi ne magani kyauta, awon jini kyauta, ga kuɗin mota, sai su miƙa yatsa kafin a gama bayani. Ramin farko kowa ya san shi. Na biyun ne ya fi ban tsoro a wannan zamani na tsadar magani, domin wanda ya faɗa cikinsa bai san ma ya faɗa ba.

Dalilin ƙuri'a

Me zai hana a ba mutane maganin kawai, a zuba ido a gani? Domin ido na ruɗi. Yawancin mura da zazzaɓi da gudawa kan tafi da kansu. Mai sikila kan yi wata uku lafiya lau, sannan ciwo ya taso. Mutum kuma ba ya neman magani sai ciwo ya kai maƙura, daga nan ko an ba shi wani abu ko ba a ba shi ba, sau da yawa sauƙi ne zai biyo baya, sai maganin ƙarshe da ya sha ya kwashe yabo. Masu tallar magani da lasifika a bakin tasha da wannan suke cin abinci: waɗanda suka ji sauƙi su dawo su ba da shaida, waɗanda ba su ji ba babu mai kiran su. Saboda haka dole a sami rukuni na biyu da za a kwatanta da su, masu ciwo iri ɗaya, a lokaci ɗaya, a hannun ma'aikata ɗaya.

Wa zai shiga wane rukuni? Idan aka bar wa likita zaɓi, ko da mai tsoron Allah ne, zuciyarsa za ta karkata. Zai iya ba masu ƙarfin jiki sabon magani don yana tsoron illarsa ga raunana, sai maganin ya fito kamar gagara-badau. Ko ya ba waɗanda suka fi jigata don tausayi, sai maganin kirki ya fito kamar guba. Shi ya sa ake jefa ƙuri'a. Kwamfuta ce ke fitar da jerin lambobi tun kafin a ɗauki mutum na farko, a ɓoye jerin a wajen wanda ba ya ganin marasa lafiya, ko a cikin ambulan da aka liƙe aka jera. Sai an rubuta sunanka an tabbatar ka shiga, sannan a buɗe. Ba likita, ba nas, ba ɗan uwanka da ke aiki a asibitin da zai iya canza maka rukuni. Amfanin ƙuri'a shi ne tana raba har abubuwan da ba a sani ba daidai wa daida: wanda ke cin abinci mai kyau a gida, wanda ke kwana cikin gidan sauro, wanda jikinsa ke sarrafa magani da sauri. A SPRING ƙuri'a ta ba yara 109 ƙaramin adadi, 111 kuma matsakaici.

Bayan ƙuri'a sai ɓoyewa. A gwaji mai kyau, mara lafiya bai san abin da yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. Mai harhaɗa magani ne ko wani ofishi can daban ke riƙe da sirrin. Dalili a fili yake: uwar da ta san ɗanta na shan adadi mai yawa za ta riƙa ganin sauƙi ko illa inda babu, likita ma ɗan Adam ne. Amma ɓoyewar ba ta har abada ba ce. Idan rai na cikin haɗari kuma sanin abin da mutum ya sha zai canza yadda za a kula da shi, akwai hanyar buɗe sirrin nan take, dare ko rana.

Sai batun ƙwayar wofi, wato wadda aka yi ta da kama da ɗanɗanon magani amma babu sinadarin magani a cikinta. A nan ne aka fi zargi, alhali ƙa'idar a bayyane take. Ba a ba mutum ƙwayar wofi a maimakon maganin da aka riga aka san yana ceton rai. A SPRING babu yaron da aka ba wofi, duka rukunonin biyu maganin gaske suka sha, don an riga an san abin da ke jiran yaron da aka bari haka. Inda ake amfani da ita shi ne inda babu tabbataccen magani, ko a ɗora ta a kan kulawar da kowa ke samu. Jiharmu na da tarihi a nan: a ƙauyukan Kaduna da ke fama da makantar rafi aka yi gwajin ivermectin, wasu na shan maganin sau ɗaya a shekara wasu na shan wofi, ƙarƙashin Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da abokan aikinta. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 1993 ya nuna maganin na rage lalacewar jijiyar gani. Kafin wannan an san ivermectin na kashe ƙananan tsutsotsin da ke cikin fata, amma ko yana kare ido, sai da aka kwatanta.

Matakan da magani ke bi

Kafin magani ya taɓa jikin mutum, ya shafe shekaru a ɗakin gwaje-gwaje da jikin dabbobi. Mataki na ɗaya a jikin mutane ƙarami ne, mutum 20 zuwa 100, galibi masu lafiya, ana fara musu da ɗan mitsitsin adadi ana ƙarawa a hankali, ana ɗibar jini sa'a bayan sa'a don a ga yadda jiki ke karɓa da fitarwa. Ba warkarwa ake nema ba a nan, iyakar da jiki zai jure ake nema. Shi ne matakin da ya fi duhu: a Landan a 2006 samari shida masu lafiya sun kusa rasa ransu cikin sa'o'i kaɗan bayan an yi musu allurar wani sabon magani, kuma tun daga nan aka tsananta cewa a fara da mutum ɗaya, a jira, kafin a taɓa na biyu. Mataki na biyu marasa lafiya ne, ɗari zuwa ɗari uku, a ga ko akwai alamar amfani da adadin da ya dace. Na uku shi ne babban kwatanci da ƙuri'a, ɗaruruwa ko dubbai, kuma da shi hukuma ke yanke hukuncin rajista. Na huɗu bayan magani ya shiga kasuwa ne. Cikin magunguna goma da suka shiga mataki na ɗaya, kusan ɗaya ne ke kaiwa ga rajista. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sanyaya wa mutum ɗokin kalmar sabon magani.

Yawancin gwaje-gwajen da ake gayyatar mutane a asibitocin koyarwa irin su Shika da Barau Dikko ba na sabon sinadari ba ne. Tsohon magani ne ake neman sanin adadinsa, ko lokacin ba da shi, ko kwatanta shi da wani. Tambayar farko da ya kamata mutum ya yi ita ce: wannan mataki na nawa ne, kuma mutum nawa suka sha shi kafin ni?

Yawan mutanen ma ba a ka ake yanke shi ba. Ƙididdiga ce, kuma duk yadda bambancin da ake nema ya ƙanƙanta, haka adadin mutanen ke ƙaruwa. Da aka so a san ko allurar artesunate ta fi kwinin ga yaran da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, sai da aka ɗauki yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya. A rukunin kwinin kashi 10.9 cikin 100 suka rasu, a na artesunate 8.5. Likitan da ke duba yara hamsin a wata ba zai taɓa ganin wannan tazara da idonsa ba, amma a faɗin nahiya rayuka ne dubbai. Bayan sakamakon na 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa artesunate a gaba. Akwai kuma gwajin da ya kunyata masana: a Uganda da Kenya da Tanzaniya an gwada ɗura wa yara masu zazzaɓi mai tsanani ruwa da sauri ta jijiya, abin da littattafan likitanci suka daɗe suna koyarwa. Sakamakon 2011 ya nuna yaran da aka yi wa haka sun fi mutuwa, sama da kashi 10 cikin 100 cikin kwana biyu, waɗanda ba a yi wa ba kuwa kashi 7 da 'yan kai. Ba don ƙuri'a ba, da har yau ana yi ana ganin taimako ne.

Abin da ya faru a Kano

Ba a yin wannan magana a Arewa a tsallake 1996. A shekarar annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 11,000 a Najeriya. Kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana na Kano ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200: rabi Trovan, rabi ceftriaxone, maganin da aka riga aka san yana aiki. Yara 11 suka rasu, 5 a rukunin Trovan, 6 a ɗaya rukunin, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki, waɗanda sanƙarau da kansa ma yakan bari. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kuma ba a faɗa musu cewa a harabar asibitin ƙungiyar likitoci ta MSF na ba da tabbataccen magani kyauta ba. An kuma yi zargin cewa an rage adadin ceftriaxone, da cewa takardar izinin kwamitin ɗa'a, mai tantance bincike kafin a fara shi, bayan an gama aka rubuta ta. Kamfanin ya musanta aikata laifi, ya ce ya sami yardar iyaye da baki. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Shi kansa Trovan, a 1999 Amurka ta taƙaita amfani da shi saboda illarsa ga hanta.

Ɓarnar ba ta tsaya a kan iyalan nan ba. Lokacin da Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, sunan Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi. Wanda duk ke gudanar da bincike a wannan yanki ya gaji wannan bashi, ko ya so ko ya ƙi, kuma ba ya da hurumin jin haushi idan uba ya tsare shi da tambayoyi.

Abin da ya canza shi ne tsari. Tun 2007 akwai kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ba Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa, NHREC, gindin zama. Gwajin magani na bukatar izini biyu kafin a taɓa kowa: na kwamitin ɗa'a mai rajista, wanda galibi yana cikin asibitin koyarwa ko ma'aikatar lafiya ta jiha, da na NAFDAC. Kwamitin ba likitoci zalla ba ne, akan sa wakilin al'umma da wanda ba ma'aikacin asibitin ba. Ana kuma rubuta gwajin a rajistar da kowa zai iya dubawa a intanet kafin a fara, irin su PACTR ta Afirka ko ClinicalTrials.gov, a faɗi abin da za a auna tun farko, don kada a ƙarshe a tsinci abin da ya yi daɗi a bar sauran. Tsari a takarda ba ya nufin kowa na bin sa, amma ya ba mutum abin da zai riƙe: lambar izini, sunan kwamiti, da lambar wayar shugabansa, waɗanda dole su kasance a jikin takardar amincewa.

Ranar da aka gayyace ka

Takardar amincewa ba takardar sallama wa asibiti haƙƙinka ba ce. Aikinta ta bayyana maka manufar gwajin, abin da za a yi maka da sau nawa, illolin da aka sani, abin da za ka samu idan ka ƙi shiga, wanda zai biya idan ka cutu, da wanda ke ɗaukar nauyin aikin. Dole ta zo da harshen da kake ji. Idan ba ka karatun boko, a karanta maka gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, kai ka dangwala yatsa, shi ya sa hannu. Kofi ɗaya naka ne ka tafi da shi gida. In ba larurar gaggawa ba ce, babu dalilin da zai sa ka amsa a ranar. Mai bincike na gari zai ce, "Baba, ku tafi da ita ku yi shawara, ku dawo ranar Litinin," sannan in kun dawo ya nemi ka maimaita masa abin da ka fahimta da bakinka. Wanda ya ce guraben sun kusa cika, a yi sauri, ya riga ya nuna maka halinsa.

Akwai wurin da al'adarmu da ƙa'idar ke bukatar a daidaita su. Masu bincike kan fara gaida hakimi da mai unguwa da limami, kuma hakan daidai ne, ba a shiga gari ta katanga. Amma izinin mai unguwa izinin shiga unguwa ne, ba izinin taɓa jikin kowa ba. Haka matar aure: tana da damar ta ce sai ta shawarci maigida, kuma ya kamata a ba ta lokaci, har a kira shi a yi masa bayani. Idan ya yarda ita ba ta yarda ba, magana ta ƙare. Yaro kuwa iyaye ne ke ba da izini, amma wanda ya yi wayo ana neman yardarsa shi ma.

Bayan sa hannu sai tantancewa: awon jini, aikin ƙoda da hanta, wani lokaci gwajin ciki ga mata ko na cuta mai karya garkuwar jiki. Da yawa a nan ake cire su, kuma cirewar ba wulaƙanci ba ce. Mai raunin ƙoda maganin zai iya taruwa a jikinsa. Mai juna biyu kuwa, tun bayan da maganin thalidomide da mata masu ciki suka sha ya sa aka haifi jarirai fiye da 10,000 da naƙasassun gaɓoɓi a ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon 1960, ba a wasa da batunta. Wasu gwaje-gwajen na sharɗanta ba da tazarar haihuwa har a gama. Macen da ke neman haihuwa ta ji wannan tun kafin ta shiga, ba bayan wata uku ba.

Jini ne ya fi tayar da hankalin iyaye. Kwalbar awo ɗaya kan ɗauki mililita 2 zuwa 5, biyar ɗin shi ne cikin ƙaramin cokalin shayi. Yaro mai kilo 20 na da jinin da ya kai lita ɗaya da rabi, kuma jiki na mayar da abin da aka ɗiba. Duk da haka kana da damar sanin kwalba nawa, sau nawa, me za a auna, ina za a ajiye ragowar, shekara nawa. Idan za a fitar da shi waje, ƙa'idar Najeriya ta ce sai da rubutacciyar yarjejeniya tsakanin cibiyoyin biyu wadda kwamitin ɗa'a ya gani. Sunanka ba ya bin kwalbar, lamba ce ke bin ta.

Kuɗin da ake bayarwa na mota ne da ɗan abin da zai rage asarar wunin da aka yi a asibiti. Da gangan ake hana shi yawa. Kuɗin da zai sa magidanci ya rufe ido ga haɗari ya tashi daga ladan wahala ya koma tarko, kuma kwamitin ɗa'a na duba adadin kafin ya amince.

Fita kuwa a hannunka take, kowace rana, ba sai ka faɗi dalili ba, kuma ba za a hana ka kulawar da kowa ke samu a asibitin ba. Abu ɗaya dai: ka faɗa musu. Akwai magungunan da ba a yanke su farat ɗaya, kuma akan so a yi maka awon ƙarshe.

Inda ake samun tangarɗa

Ba a cika samun gwaji ya lalace da mugunta ba. Ƙananan abubuwa ne ke cinye shi. Uwa na da 'ya'ya biyu masu sikila, ɗaya ya shiga ɗaya bai shiga ba, sai ta raba musu maganin. Tausayi ne, amma wanda ke cikin gwajin ya sha rabi, ɗayan kuma na shan maganin da babu mai auna jininsa. Shi ya sa ake cewa a dawo da kwalba ana ƙirga ragowar ƙwayoyi. Wani na shan jiƙo ko ya biya kemis a ba shi wani abu, ya ɓoye don kada a yi masa faɗa, sai hanta ta nuna alama a ɗora wa maganin gwaji laifi, ko kuma magungunan biyu su yi karo. Azumi ya zo, mutum ya mayar da maganin safe zuwa sahur ko ya haɗe na rana da na dare bayan buɗa-baki ba tare da ya tambaya ba, alhali da ya yi magana tun Sha'aban da an tsara masa. Wanda ya manta kwana uku ya ce ya sha, ya fi cutar da aikin a kan wanda ya faɗi gaskiya.

Sai ɓacewa. Layin waya ya mutu, iyali sun tashi daga Rigasa sun koma ƙauye, damina ta zo an tafi gona, hanya ba tsaro. Waɗanda suka ɓace ba kamar sauran ba ne: sau da yawa su ne suka fi jin jiki, ko maganin ya dame su, ko sun rasu. Idan aka yi lissafi da waɗanda suka rage kawai, sai magani ya fito fes. Don haka ake ƙirga kowa a rukunin da ƙuri'a ta sa shi, ko ya gama shan maganin ko bai gama ba, kuma don haka ake karɓar lambar waya biyu ko uku da kwatancen gida. A ɓangaren asibiti ma akwai nasu: allurar da ake ajiyewa tsakanin digiri 2 da 8, in wuta ta ɗauke janareta bai tashi ba, sai a killace ta duka har mai ɗaukar nauyi ya yanke hukunci. Yajin aiki na iya tsallake ranar awo. Duk irin wannan dole a rubuta shi a kai rahoto, kuma ana turo masu sa ido su gwada abin da aka shigar a kwamfuta da abin da ke cikin fayil ɗin mara lafiya.

Idan mai shiga gwaji ya kwanta a asibiti, ko ya naƙasa, ko ya rasu, ko da hatsarin babur ne, mai bincike na da sa'a 24 ya sanar da masu ɗaukar nauyi, daga nan a kai wa kwamitin ɗa'a da NAFDAC. Ba a jira sai an tabbatar maganin ne sanadi. Saboda haka katin gwajin da aka ba ka ya zauna a aljihu, a nuna shi a duk asibitin da aka je. Kula da wanda gwaji ya cutar nauyin masu gwajin ne, kuma akan yi wa aikin inshora. A tambayi wannan dalla-dalla: wane asibiti, wa za a kira da dare, wa zai biya.

A bayan fage akwai wani kwamiti na masana da ba sa cikin aikin, su kaɗai ke da izinin leƙa sakamako ana tsakiyar tafiya. Suna iya ba da shawarar a tsaya idan illa ta bayyana, ko amfani ya fito ƙarara har ci gaba ya zama tauye ɗaya rukunin, ko aka ga ko an ci gaba ba za a sami bambanci ba. Na ukun ne ya faru da SPRING. Bayan an bi yaran kimanin shekara biyu da rabi, 3 ne suka sami shanyewar ɓarin jiki a rukunin ƙaramin adadi, 5 a na matsakaici, tazarar da ba ta wuce abin da sa'a kan kawo ba, sai aka tsayar. Duka biyun sun yi ƙasa ƙwarai da abin da ake tsoro ga yaran da ba sa shan komai, kodayake masu shan matsakaicin adadin sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti. An buga sakamakon a 2022. Wani zai ce gwaji ya tashi a tutar babu. A'a: ya nuna wa likitan da ke duba ɗan talaka cewa ko da rabin adadin za a iya farawa a kare ƙwaƙwalwar yaro.

Tambayar da aka fi mantawa ita ce ta bayan an gama. Yaron da ya yi shekara biyu yana samun magani kyauta, ranar da aka rufe aikin wa zai ci gaba da saya? Sanarwar Helsinki, wadda ƙungiyar likitocin duniya ta fara fitarwa a 1964 take kuma sabuntawa, ta ce a tsara wannan tun kafin a fara, a kuma faɗa wa masu shiga. A aikace nan ne alƙawari ya fi rauni, don kuɗin bincike na da ranar ƙarewa, ciwo kuma ba shi da ita. A nemi amsar a rubuce. A kuma tambayi yadda za a sanar da mutum sakamakon, da rukunin da ya kasance a ciki.

Ko bayan rajista aikin bai ƙare ba. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin 10,000 da wuya ta bayyana a gwajin mutum 3,000, sai magani ya bazu. NAFDAC na karɓar rahoton illar magani ta hannun ma'aikatan lafiya da kuma manhajar Med Safety, wadda kowa zai iya sa wa a wayarsa. Game da magungunan gargajiya da ake sayarwa a kwalba, lambar NAFDAC da ke jikin yawancinsu ta jerin wucin gadi ce: an duba tsabta da rashin guba, ba a tabbatar suna warkar da abin da aka lissafa ba, kuma hukumar na sa a rubuta hakan a jikin kwalbar. Mai irin wannan magani da ke son a ce nasa na warkarwa, hanyar ɗaya ce da ta kowa, kwamitin ɗa'a, ƙuri'a da rukunin kwatanci, kamar yadda cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta bi da Niprisan, maganin sikila da aka haɗa daga tsirrai.